Ɗaya da Safe, Ɗaya da Yamma

Ranar da kwamitin dashen ƙoda ya ƙi yarda a sake yi wa Tela dashe, Likita aka ɗora wa nauyin gaya masa, domin ita take dubansa tun farkon ciwon. Ta same shi a ɗakin wankin ƙoda, a kujerar da ke jikin taga. Hannunsa na hagu a miƙe yake, jini na fita ta wata siririyar roba, ya zagaya cikin na'ura, ya komo jikinsa. Ƙanwarsa, wadda kowa a gidansu ke kira Auta, tana zaune a gefe riƙe da hularsa. Ita ce ta ce a ɗauki ƙodarta ɗaya a ba shi, kuma an gwada ta an ga sun dace.

Likita ta jawo kujera ta zauna, ta yi musu bayani a hankali. Ƙodar farko, wadda wansa ya ba shi, ta mutu bayan 'yan shekaru. Duk lokacin da aka auna jininsa a waɗannan shekarun, sai a tarar maganin da ke kare ƙodar ya yi ƙasa. Kwamiti ya ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa ba ya shan magani, kuma ya ce ba zai bari a yanka mace mai lafiya saboda wanda ya yi sakaci da kyautar farko ba.

Tela bai ɗaga murya ba. Ya dubi na'urar, sannan ya dubi Likita.

"Likita, ni da awo nake cin abinci. In mai kaya ya ce inci goma, ba na yanka tara. Kun ce ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kuma ban taɓa tsallake ko guda ba."

Auta kuwa ba ta da irin wannan sanyin. Ta tambayi Likita ko ƙodar tata ce ko ta kwamiti, ta ce in sun ga dama su ba ta wuƙar ta cire musu da kanta. Tela ya ce ta yi shiru, mutane na ji. Ta ce ai so take su ji. Likita ta bar ta ta gama, sannan ta faɗi abin da ba a aiko ta da shi ba: ita kanta ba ta gamsu da hukuncin ba, kuma ba ta ɗauki maganar a matsayin rufaffiya ba.

Tana da dalilinta. Rabin makonta a wurin marasa lafiya take yinsa, rabin kuma a wani siririn ɗaki bayan ɗakin gwajin jini, inda take da tebur ɗaya, madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa, da firiza mai gurnani da ta cika da 'yan kwalaben jini. Shekara da shekaru tana bin tambaya guda: me ya sa ƙodar da aka dasa take saurin mutuwa a jikin wasu marasa lafiyarsu, alhali a jikin wasu tana daɗewa?

Abin da ya ɗaure mata kai yana da sauƙin faɗa. Jikin mutum yana ɗaukar sabuwar ƙoda a matsayin baƙuwa, sai garkuwarsa ta far mata. Maganin da ake ba mai dashe shi ke riƙe garkuwar. In ya yi kaɗan, jiki ya cinye ƙodar. In ya yi yawa, shi kansa maganin ya ƙone ta, ya bar tabo a ƙananan jijiyoyinta. Kowace ɓarna da kamanninta a ƙarƙashin madubi. To, ɗan naman da aka tsakuro da allura daga ƙodar Tela kafin ta mutu yana ɗauke da duka biyun: alamar ƙarancin magani da tabon yawansa. Ba shi kaɗai ba, akwai wasu da dama. Ta yaya wanda ba ya shan magani zai samu tabon yawan magani?

Ta taɓa nuna wa Farfesa gilasan da aka shimfiɗa waɗannan 'yan naman a kansu don dubawa a madubi. Shi ne shugaban sashe kuma shugaban kwamiti, shi ya kafa sashen tun ba a da na'urar wanki ko ɗaya, shi ya koya mata karanta ƙoda a madubi, kuma har yanzu 'yata yake ce mata. Ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan yadda marasa lafiya ke watsi da magani da zarar sun ji sauƙi. Da ya duba gilasan sai ya ce amsar a fili take: suna barin maganin, in ranar zuwa asibiti ta matso tsoro ya kama su, su kwankwaɗi da yawa a lokaci guda. Ba ta yi masa musu a ranar ba saboda girmansa, amma ta san irin wannan tabon ba ya fitowa sai an jima ana sha a kai a kai.

Bayan kwana kaɗan ta ɗauki rigar makarantar 'yarta, wadda hannunta ya yi tsawo, ta nufi shagon Tela. Rigar hujja ce kawai. So take ta ga yadda yininsa yake tafiya, tun da a asibiti mutum ba ya faɗin komai sai abin da aka tambaye shi.

Shagon ɗan ƙarami ne, keke biyu da teburin yanka, ƙyallaye a ƙasa, alli a bayan kunnensa. A tsallaken titi akwai shagon kayan gini na wansa. Tela ya ce tun da labari ya kai gida cewa shi ya kashe ƙodar da sakaci, Yaya ya daina tsallakowa, in sun haɗu sai gaisuwa a tsaitsaye. Ya faɗi haka yana warware ɗinkin hannun rigar, bai ɗago ba.

Suna cikin hira wata tsohuwar waya ta yi ƙara a cikin aljihun tebur. Ya kashe ta yana ɗan murmushin kunya. Ya ce ƙararrawar maganin yamma ce ta wancan lokacin, ya kasa goge ta.

Likita ta dubi agogon hannunta. Ƙarfe huɗu ne, rana tana nan da ƙarfinta a kan kwanon shagon.

"Yanzu kake shan na yamma?"

"To, Likita, yamma ba ta yi ba?"

Ta tambaye shi na safe. Ya ce da ya buɗe shago, wajen ƙarfe takwas. Ta tambaye shi ranakun gwajin jini. Ya ce ai kun hana a sha na safe sai an ɗebi jini, kuma da layin nan naku ba a zuwa kan mutum sai hantsi ya ɗaga.

Ta shiga lissafi a zuci. Wannan maganin yana bukatar awa goma sha biyu tsakanin ƙwaya da ƙwaya. A littattafan da likitoci suka yi karatu da su, kalmar Turancin da aka fassara da yamma tana kaiwa har ƙarfe takwas, lokacin da mai magana da Hausa ya riga ya kira dare. Tela yana haɗa ƙwayoyinsa biyu kusa da juna da rana, sai maganin ya taru ya ƙona ƙodar, sannan ya kwana ya tashi da jini kusan wayam, garkuwa ta samu hanya. Ranar gwaji kuwa tazarar ta fi kullum tsawo. Likitoci su ga sakamako ya yi ƙasa, su ƙara masa yawan maganin, shi kuma ya sha yadda aka ce, tabon ya ƙaru.

Da ta koma gida ta jefa tambayar a tsakiyar falo, kamar da wasa. 'Yarta ta ce yamma ita ce lokacin da aka taso daga makaranta. Mijinta, wanda malamin lissafi ne, ya ce daga huɗu zuwa faɗuwar rana, ya ƙara da cewa in za a biya shi zai zana mata a allo. Mahaifiyar Likita, da ke zaune tare da su, ta ce duk wanda ya kira ƙarfe takwas yamma a duba masa ido, ba ƙoda ba. Suka yi ta musu a kan biyar da rabi har abinci ya huce. Likita ta yi dariya tare da su, amma zuciyarta na kan firizar nan.

Washegari ta fara kiran marasa lafiyar da jininsu ke nuna ƙarancin magani. Ba ta tambaye su ko suna sha ba, domin wannan tambayar an yi musu ita har sun gaji. Ƙarfe nawa kawai take tambaya. Yawancinsu suka ce huɗu ko biyar. Sai ta kira waɗanda ƙodarsu ke lafiya lau, ta tarar da yawa daga cikinsu ba sa dawowa daga aiki sai duhu ya shiga, a lokacin suke sha. Aikinsu ne ya cece su ba tare da sun sani ba. Ta ɗauki waɗanda ƙodarsu ba ta riga ta lalace ba, ta mayar musu da ƙwaya ta biyu ƙarfe takwas na dare, ta rage yawan maganin a hankali tana auna jini. Cikin 'yan makonni sakamakonsu ya daidaita kamar an ja zare.

Ta kai wa Farfesa a ofishinsa. Ya saurare ta har ƙarshe, ya ma yaba. Sannan ya cire tabarau ya ce mutanen da ta gwada ba su da yawa, kuma ba a sauya hukuncin kwamiti saboda hirar shagon tela. Ta tsara bincike yadda ya kamata, ta tara mutane, ta rubuta, masana su duba. Shekara ɗaya ko biyu. Ya tuna mata cewa aikin kwamiti shi ne kare mai bayarwa, kuma shi ya taɓa tsayawa gaban wata uwa wadda ɗanta ya ba da ƙoda a banza, ba ya son ya sake.

Ta ce ta yarda da duk wannan, amma Tela ba shi da shekara biyu. Jijiyar hannunsa da ake wanki ta cikinta ta fara toshewa, ɗayan hannun kuma an riga an gama da shi. Ta roƙi a mayar da maganarsa gaban kwamiti a zama mai zuwa.

Farfesa ya ce ba za a mayar ba. Ya mayar da tabaransa, ya ce da murya mai laushi: "'Yata, ɗakin binciken nan naki da sunana aka ba ki shi, kuma takardun ƙarin girmanki ta teburin nan za su bi. Ba barazana nake miki ba. Ina so ki san inda kike taka ƙafa."

"Na sani, Farfesa. Kai ka koya min cewa in gilashi ya saɓa wa ra'ayina, ra'ayin zan jefar. Ban san akwai ranar da za ka ce in jefar da gilashin ba."

Ya mayar da idonsa kan takardun gabansa. Ta yi masa sallama da ladabi ta fita.

Ranar zaman kwamiti ta shiga da madubinta a rungume, ta ajiye shi a ƙarshen tebur. Akwai likitan tiyata, mutum mai ƙiba da son barkwanci, akwai babbar nas, da mai haɗa magunguna, da wasu likitoci biyu. Aka bi abubuwan da aka tsara ɗaya bayan ɗaya. Da Farfesa ya fara tattara takardunsa, sai ta miƙe ta ce tana da tambaya ɗaya, ba za ta ci musu lokaci ba. Ya ce ba ta cikin tsarin yau. Ta ce ta sani, kuma ba ta zauna ba.

Ta raba musu 'yan guntayen takarda, ta ce kowa ya rubuta ƙarfe nawa zai sha ƙwaya in likita ya ce masa ɗaya da yamma, kada wani ya leƙa na wani. Likitan tiyata ya ce shi rabonsa da jarrabawa tun gashinsa na baƙi, amma ya rubuta. Sauran ma suka rubuta, ban da Farfesa, wanda ya naɗe hannu.

Ta karanta a fili. Biyar. Huɗu. Shida. Bayan la'asar. Takwas.

Mai haɗa magunguna ya ce takwas ɗin nasa ne, kuma shi ne daidai, haka yake a littafi. Babbar nas ta juyo ta dube shi, ta ce in ya ce wa matarsa zai dawo da yamma ya shigo ƙarfe takwas, ya zo ya ba su labarin abin da ya tarar. Aka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Nas ɗin ce ta fara daina dariyar, domin ita ce ta fi kowa faɗa wa masu dashe wannan jimlar ranar sallama.

Farfesa ya ce nan asibiti ne, ba ajin koyon Hausa ba.

Likita ta ce haka ne, shi ya sa ta zo da gilashin. Ta bayyana musu abin da ta gani a shago, da sakamakon waɗanda ta sauya wa lokaci, ta faɗi ƙarancin yawansu da bakinta kafin wani ya faɗa. Sannan ta sa gilashin ƙodar Tela a madubi, ta ce duk mai so ya zo ya duba tabon.

"Ba cewa nake na gama bincike ba," in ji ta. "Zai ɗauke ni shekaru, kuma zan yi shi ko da ɗaki ko babu. Abin da nake cewa shi ne mun hukunta mutum a kan bai sha magani ba, ga kuma maganin nan a cikin namansa. Mu bakwai a ɗakin nan, masu digiri, ba mu haɗu a kan kalmar ba. Shi ya bi ta yadda uwarsa ta koya masa. In za a hana shi, a nemo wani dalilin. Wannan kam ba zan sa hannu a kansa ba, kuma in an tambaye ni a ko'ina, abin da zan faɗa ke nan."

Likitan tiyata ne ya fara tashi. Ya sunkuya a kan madubin ya jima, yana murza shi da manyan yatsunsa. Da ya ɗago babu wasa a fuskarsa. Ya ce shi ba gwanin gilashi ba ne, amma wannan tabon ko ɗalibi zai gane shi, kuma in kwamiti ya yarda zai yi aikin. Likitocin nan biyu suka duba bi da bi. Mai haɗa magunguna ya ce daga yau zai riƙa rubuta ƙarfe a jikin kwali. Babbar nas ta ce a sake zama da Auta ita kaɗai, ba tare da 'yan gidansu ba, a tabbatar ba matsa mata aka yi ba. Likita ta ce wannan daidai ne, ita ma za ta nemi haka.

Farfesa bai taso ya duba ba. Ya ce a kaɗa ƙuri'a, aka kaɗa, kowa ya yarda sai shi. Ya sa aka rubuta cewa bai amince ba, ya ce yana fatan shi ne ya yi kuskure. A bakin ƙofa ya tsaya ya gaya mata, ba tare da fushi ba, cewa sashen gwajin jini ya daɗe yana neman ɗakin nan nata, kuma ba shi da sauran dalilin hana su. Ta ce to. Kafin mako ya zagayo ita da masu gadi biyu suka turo firizar zuwa wani lungu a ƙarƙashin matakala, inda akwai soket ɗaya, ta sa mata kwaɗo, ta ci gaba da aikinta a kan benci.

Da aka zauna da Auta ita kaɗai, babbar nas ta tambaye ta har sau uku ko wani ya tilasta mata. Auta ta ce tun tana ƙarama babu wanda ya taɓa iya sa ta wanke kwano in ba ta ga dama ba, balle a ce ƙoda. Ta ce abin da kawai take roƙo shi ne a ɗinke ta da kyau, domin wanda za a ba wa ƙodar zai duba ɗinkin, kuma ba ya yafe karkataccen layi.

An yi aikin wata safiya a ɗakuna biyu da ke jere. Likita ba mai yanka ba ce, don haka ta sa rigar tiyata ta tsaya a bayan likitan tiyata, hannuwanta a haɗe a ƙirji don kada ta taɓa komai. Aka shigo da ƙodar Auta a cikin kwano mai ƙanƙara, fara fat, ba ta fi dunƙulen hannu ba. Ya ɗinka jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ɗakin tsit sai ƙarar na'urar numfashi. Sannan ya ce a saki matsewar da ta tare jinin.

Jini ya shiga. Ƙodar ta fara sauya launi daga gefe guda, ta yi ja, ta cika ta yi tauri a ƙarƙashin yatsansa. Suka jira. Daga bakin siririn bututunta, wanda ba a riga an haɗa da mafitsara ba, ɗigon fitsari ɗaya ya fito, wani ya biyo shi, sai ya zama ɗan siririn layi yana gangarowa kan auduga.

Likitan tiyata ya ce, ba tare da ya waiwayo ba: "Likita, ƙanwar nan ko a cikin wani take ba ta jiran izini. Matso ki gani."

Ta matso.